Gyambon Baki: Abin da Gefen Ƙari Yake Gaya wa Likita

Mutum biyu za su je Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da gyambon ciwon daji a gefen harshe, girmansu ɗaya, a yi musu aiki iri ɗaya. Ɗaya ya koma Daura ta Karaye ya ci gaba da nomansa, ɗayan kuwa kafin shekara ta zagayo kaluluwa ta fito masa a wuya. Sau da yawa bambancin yana gefen ƙarin, wurin da yake kutsawa cikin lafiyayyen nama.

Bayan an cire ƙarin, likitan gwaje-gwaje yakan yanka shi siriri ya duba da madubin likita. Wani ƙarin a dunƙule yake tura nama, iyakarsa a fili kamar dankali a kunya, ka tona ka ɗauke shi ɗungurungum. Wani kuwa halin kiri-kiri ne da shi, ka nome sama, saiwa ta riga ta bazu a ƙasa. A 2005 Dokta Margaret Brandwein-Gensler da abokan aikinta a Amurka suka fito da ma'auni mai mataki 5. Na farko shi ne mai dunƙulen nan, na biyu mai miƙa yatsu. A na uku ƙarin ya ɓalle gungu-gungu, kowanne ya haura ƙwayoyin halitta 15. A na huɗu gungun bai wuce 15 ba. Na biyar ya fi muni: 'ya'yan ƙarin sun yi nesa da uwarsu da milimita 1 ko fiye. Milimita ɗaya tak, abin da ido ba ya gani a ɗakin tiyata. Masu mataki na huɗu da na biyar su ne ciwon ya fi dawo musu, ya fi kuma saurin sauka wuya.

Ana auna zurfi ma. Tun 2018 tsarin da likitocin duniya ke bi yana raba ƙari da zurfinsa: milimita 5, milimita 10, da abin da ya haura. Da waɗannan ne ake yanke shawarar ko a cire kaluluwar wuya, ko a tura mutum gashi da na'ura bayan aiki. Saboda haka takardar sakamakon gwajin nan a karɓo ta, a adana ta, a tambayi likita me ta ce.

Abin da yake damuna shi ne maganar da ta zauna mana a ka, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Da ita ake hana mara lafiya yarda a ɗebi ɗan nama a gwada, a yi ta shafe-shafe da hayaƙi wata da watanni, ƙarin yana ƙara nitsewa. Ɗibar naman ba ta tayar da ciwon.

Mai shan sigari, da dattijon da ke dunƙula garin taba a kunci, da mai shan giya, su suka fi shiga haɗari. Gyambon da ya yi mako uku bai warke ba, fari ko jan tabo da ba ya gogewa, haƙorin da ya girgiɗe babu dalili, ƙulli mai tauri a wuya ko da babu zafi: duk mai ɗaya daga cikin waɗannan a kai shi babban asibitin Karaye ko na Rogo, a nemi takardar turawa Kano ko Shika.