Garayar Turawa Ta Fito Gaba A Kiɗan Jaz

A manyan ƙungiyoyin makaɗan Turai, can gefe ake ajiye garayar da suke kira harp, bayan masu goge. Mai ita yakan daɗe zaune yana jira, ya taɓa tsirkiya kaɗan, ya sake yin shiru. Yau kuwa ga ta a gaban dandali tana jan ragamar jaz, wato kiɗan da baƙar fatar Amurka suka ƙago.

Wannan garaya ta kai tsayin mutum a tsaye. Tana da tsirkiya 47, a gindinta kuma akwai feda 7. Wani Bafaranshe mai suna Sébastien Érard ne ya kyautata tsarin fedar a shekarar 1810. Kowace feda tana riƙe da murya ɗaya daga cikin muryoyi bakwai na kiɗan Turai, tana kuma da mazauni uku: sama, tsakiya da ƙasa. In an taka ta, sai tsirkiyoyin wannan murya su sake amo.

To, a nan wahalar take. Makaɗin jaz yana ƙago kiɗansa ne nan take, muryoyi kuwa suna sauyawa cikin ƙiftawar ido. Dole ƙafa ta riga yatsa isa. In ta makara, amon da ba a so shi zai fita a gaban jama'a. Saboda haka aka daɗe ana ganin garayar ba ta dace da jaz ba.

Mata biyu ƴan birnin Detroit ne suka kawar da wannan zato. Dorothy Ashby, wadda aka haifa a 1932, ta fitar da faifanta na farko a 1957, sannan a 1968 ta haɗa garayar da goge da ganguna cikin Afro-Harping. Ita kuwa Alice Coltrane, mijinta John Coltrane ne ya sa a ƙera mata garaya, amma ba ta iso gida ba sai bayan rasuwarsa a 1967. A 1972 ta fitar da World Galaxy tare da ƙungiyar masu goge. Brandee Younger, haihuwar 1983, ita ce fitacciya cikin masu bin sawunsu.

Kiɗa a gaban ƴan kallo tare da ƙaramar ƙungiyar makaɗa yana da nasa sharaɗi. Masu goge da masu busa suna karanta abin da aka rubuta musu a takarda, mai garaya kuwa tana bin abin da ya zo mata a zuciya. Don haka wanda ya tsara kiɗan yakan bar mata fili, shugaban makaɗa kuma ya kasa kunne, sai ta gama zancenta ya ɗaga hannu sauran su shigo. Muryar garayar mai taushi ce, ƙaho da ganga suna iya danne ta. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya ta fi babba dacewa da ita, ana kuma sa mata abin ƙara sauti. Bugu da ƙari, tsirkiyar da aka kaɗa ba ta yin shiru da kanta, sai an dafa ta da tafin hannu, in ba haka ba amo ya hau kan amo.

Mai karatu, in ka sami zarafin kallon irin wannan wasa, kada ka tsaya ga yatsun mai garaya kawai. Dubi ƙafafunta: rabin aikin a can ake yin sa.