Ƙashi Shaidar Abin da Dabba ta Ci

Shekarun da na yi ina aikin gwamnati, da waɗanda na yi bayan na yi ritaya ina bin dattawa da tambaya, sun koya mini cewa tarihi daga baki yake fitowa ko daga takarda. To, dabbobin da suka rayu a zamanin ƙanƙara, wanda ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce, ba su bar ko ɗaya ba. Ƙasusuwa kawai suka bari, kuma masana sun gano yadda za su karanta su.

A cikin ƙashi akwai wani abu mai danƙo da ake kira kolajin, shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. Jiki daga abinci yake gina shi, saboda haka alamar abincin tana zama a ciki. Sinadarin kabon yana nuna irin tsiron da aka ci, domin alamar dangin gero da dawa da masara dabam take da ta ganyen bishiya da wake. Shi kuwa naitirojin mai nauyi ƙaruwa yake yi daga tsiro zuwa mai cin ciyawa, daga shi kuma zuwa mai cin nama.

Ga misali. A kogunan duwatsun Turai an sami ƙasusuwan wata ƙatuwar dabba, beyar kogo, wadda ta ƙare kimanin shekara 24,000 da suka wuce. Duk wanda ya ga fiƙoƙinta zai ce mafarauciya ce. Amma awon da Hervé Bocherens da abokan aikinsa suka fara a shekarun 1990 ya nuna yawancinsu tsire-tsire suke ci.

Wanda ya fi ratsa ni shi ne binciken da Matthew Wooller ya jagoranta a Alaska ta Amurka, aka buga a 2021. Sun tsaga hauren wata giwa mai gashi, toro, wanda ya rayu shekara 17,100 da suka wuce. Da yake haure hawa-hawa yake girma, sai suka bi shi shekara bayan shekara. Sinadarin sitirontiyom, wanda ke shiga ciyawa daga ƙasa, ya nuna wuraren da ya yi kiwo. A ƙarshen rayuwarsa, yana da shekara 28, naitirojin ya yi sama, alamar jiki ya koma cin kansa. Watau, ga dukkan alamu, yunwa ce ajalinsa.

A ƙasarmu zafi yana lalata kolajin da wuri, amma farin ɓawon haƙori yana daɗewa, kuma shi ma ana auna shi. Don haka ina roƙon malamai su gaya wa ɗalibai, dattawa su gaya wa masu haƙar rijiya da masu ɗibar ƙasar gini: in an tono tsohon ƙashi ko haƙori, kada a yar, kada a sayar. A lura da wurin da zurfinsa, a sanar da gidan adana kayan tarihi. Ƙashin da ba a san inda ya fito ba, rabin shaidarsa ta riga ta salwanta.