Shirin Musamman: Wa Zai Ƙirga Masu Ciwon Daji a Ƙasar Zuru?

Yau shirin namu ya yada zango a masarautar Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, inda za mu tattauna kan ciwon daji da matasan da ke son yin bincike a kansa.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 sama da mutum 120,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kuma sankarar mama ce a kan gaba. To amma daga ina ake samo alƙaluman? Galibi daga rajistar manyan asibitoci, irin ta Ibadan da aka buɗe tun 1960. Matar da ke wani ƙauye a Sakaba ko Danko-Wasagu, wadda ta ji ƙullutu a mamanta, aka ce jifa ne, aka yi ta shafa mata magani har rai ya yi halinsa, ba ta shiga littafin kowa ba. Wadda kuwa ta isa asibiti aka ce sai an yi mata gashi, tafiya ce ta same ta zuwa asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga fargabar hanya.

Ba mu kaɗai ke da wannan giɓi ba. A Amurka an lura cewa sankarar bakin mahaifa da ta hanta sun fi addabar masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci fiye da Turawa, sai aka shiga horas da 'ya'yan al'ummar su zama masu binciken da kansu. Dabarar ta dace da mu. Matashiyar likita ko malamar jinya da ta tashi a Zuru, take jin C'lela da Hausa, ita ce dattijuwa za ta ja gefe ta gaya wa abin da kunya ta hana ta gaya wa baƙo. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin ma yana nan jibge. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu tana fitar da wata guba da ke haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a cikin garin Zuru; me zai hana ɗalibanta su haɗa kai da likitoci su auna yawan gubar nan a hatsin kasuwanninmu? Haka allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023: wa ya bi gida gida ya ji dalilin iyayen da suka ƙi?

Abin da matashin mai bincike ke buƙata bai taka kara ya karya ba: ɗan tallafin fara aiki, babban malami mai duba masa, da albashin da zai hana shi neman bizar fita. Kuma Kebbi ba ta rasa murya ba, domin Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, uwargidan tsohon gwamna, ita aka zaɓa a 2024 don ta shugabanci ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC.

Kiranmu ga gwamnatin jiha, da cibiyar binciken ciwon daji ta tarayya, NICRAT, da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da masu hannu da shuni 'yan asalin Zuru, shi ne a ware wani kaso na kuɗin bincike ga matasan da suka yarda su zauna su yi aikin a karkara. Ke kuma uwargida, idan kin ji ƙullutu ko kin ga jinin da ba na al'ada ba, ki garzaya asibiti tun da wuri.