Ƙayyade Gudun Mota a kan Hanyar Sakkwato zuwa Illela

Kalmar "iyaka" tana da ma'ana biyu ga mai tuƙi a kan hanyar Illela. Akwai iyakar ƙasa, watau inda Nijeriya ta ƙare, Jamhuriyar Nijar ta soma daga wajen Birnin Ƙonni. Wannan kowa ya san ta, domin akwai shinge da ma'aikata masu tsayar da mutum. Akwai kuma iyakar gudu, wadda doka ta yanka wa kowace irin mota. Ita wannan ba ta da shinge, shi ya sa ake ƙetare ta kullum ba tare da an ji an yi laifi ba. A kanta wannan bayani zai tsaya.

Hanyar da ake magana ita ce wutsiyar babbar hanyar Tarayya mai lamba A1, wadda ta taso daga Legas. Daga Sakkwato ta bi ta Kware da Gwadabawa ta dire a Illela, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kamar maƙwabtanta rainon Faransa, direba ba ya sauya hannu in ya ƙetare zuwa Ƙonni. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuwa an kafa ta a 1988, Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma ita aka ɗora wa nauyin lura da gudun motoci.

Littafin ƙa'idojin hanya ya kasa hanyoyi gida uku. A cikin gari, ƙaramar mota da tasi da bas da babur ba za su wuce kilomita 50 a awa ba, tirela da tanka kuma 45. A kan babbar hanya ta tsakanin garuruwa, ƙaramar mota da bas suna da 80, tirela da tanka da babur 50. Sai tagwayen titi irin na Legas zuwa Badun, inda aka yarje wa motar gida 100, tasi da bas 90, manyan motoci 60. Abin lura a nan shi ne, hanyar Illela tana cikin kashi na biyu ne. Direban da ya ce ai doka ta ba shi 100 ya aro dokar wata hanya ce dabam. Haka kuma da zarar kwalta ta shiga Kware ko Gwadabawa ko Illela, ta zama titin cikin gari, ko da allo ko babu.

To, me ya sa 50, me ya sa 80? Dalilin lissafi ne. Motar da ke gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai 80 tana cin 22. Mai 100 kuwa kusan 28. Kafin idon direba ya ga yaro ya faɗo titi, ƙafarsa ta sauka kan birki, an yi daƙiƙa guda ko fiye, kuma duk wannan tazara motar ta cinye ta da cikakken gudunta. Bayan an taka birkin ma, nisan da za ta ja kafin ta tsaya ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. In an ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa sau huɗu yake ninkuwa. Ƙarfin karo ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara hatsarin da ake rasa rai da kashi 4, kuma mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun 65 ya fi wanda aka buge a 50 kusantar mutuwa har ninki huɗu da rabi.

Wannan lissafi ya fi nauyi a Illela ranar Lahadi, ranar kasuwa. A rannan titi da kasuwa sukan zama abu ɗaya: ga garken shanu da raƙuma, ga amalanke da jakuna, ga 'yan kabu-kabu, ga yara 'yan talla suna rige-rigen isa tagar mota. A irin wannan cinkoso 50 ɗin ma ta yi yawa, domin adadin da doka ta faɗa ƙololuwa ce, ba a ce dole sai an kai ta ba. Taron ministoci na duniya da aka yi a Sitokholm a 2020 ya nemi a tsayar da 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Turawan Ingila ma, a dokarsu ta 1865, mil 2 kacal a awa suka yarda wa injin mai tafiya da kansa a cikin gari, ga mutum a gaba riƙe da jar tuta. Abin dariya ne a yau, amma mai ƙafa suka duba.

Ba daidai ba ne a ce jahilci kaɗai ke sa direban haya ƙure maleji. Abincinsa yana ga yawan sawu, mai mota yana jiran balas da yamma, kuma lokacin da ya ɓata a shingayen bincike a kan kwalta yake neman fansarsa. Fasinja ma sau da yawa shi ke zuga shi, ya manta cewa sauri ya haifi nawa. Tarar naira 3,000 da dokar hukumar ta 2007 ta yanka ba ta kai ta tsorata mai irin wannan lissafi ba. Shi ya sa daga 1 ga Fabrairu, 2017, aka tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. To amma na'urar gudun ƙoli kawai take tsarewa. Ba ta san an shigo Gwadabawa ba, balle ta san yau Lahadi ce.

A 2024 aka ƙaddamar da aikin sabon titin da zai tashi daga Illela zuwa Badagiri. Titi mai santsi yana kiran gudu. Saboda haka abin da ya kamata ma'aikatan ayyuka da na ƙananan hukumomi su nema tun yanzu shi ne allon gudu a mashigar kowane gari, da wurin tsallakawa na mutane da dabbobi, da janye rumfuna da lodin kaya daga bakin kwalta.