FASHIN BAƘI: Yadda ƙwarewar likita ke rage haɗari a tiyatar maƙoƙo

Tayirod wani ƙululu ne a gaban wuya, wanda kumburinsa ke haifar da maƙoƙo. Cire shi aiki ne mai wuyar sha'ani saboda abubuwan da ke maƙwabtaka da shi. A bayansa jijiyoyi biyu masu sarrafa murya suka ratsa. Idan aka raunata ɗaya murya ta dusashe, idan duka biyun ne numfashi kansa na iya gagara. Akwai kuma wasu ƙananan ƙululai huɗu, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, masu daidaita sinadarin kalsiyam a jini. Lalacewarsu kan jawo mutuwar jiki a yatsu da ƙagewar tsoka, wani lokaci ma shan magani har ƙarshen rayuwa.

A tsakiyar ƙarni na 19, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan aiki ba sa tashi. Theodor Kocher, likitan fiɗa a birnin Bern na Suwizalan, ya yi shi sau dubbai har mace-macen suka koma ƙasa da kashi 1 cikin 100, aka ba shi lambar Nobel a 1909.

Yau mace-mace sun yi ƙaranci, amma bambancin hannu bai gushe ba. Wani bincike na Jami'ar Duke da ke Amurka, wanda aka buga a 2017, ya duba marasa lafiya 16,954 da aka cire wa tayirod gaba ɗaya tsakanin 1998 da 2009. Ya gano cewa matsaloli na raguwa gwargwadon yawan aikin likita, har zuwa kusan 25 a shekara. Wanda ya faɗa hannun mai yin aikin sau ɗaya a shekara, haɗarinsa ya ƙaru da kashi 87 cikin 100. Duk da haka, kashi 81 cikin 100 na marasa lafiyar likitocin da ba su kai wannan mizani ba ne suka yi musu aiki.

Wannan ya sa batun ya zama na manufofin gwamnati. A Najeriya, inda ƙwararrun likitoci ke ta ƙaura zuwa ƙasashen waje, tafiyar gogaggen likitan fiɗa ɗaya na nufin rasa mai aiki da kuma mai horar da na baya. Tura irin wannan aiki zuwa asibitocin koyarwa, da wallafa sakamakonsa, abubuwa ne da ya kamata a nema daga hukumomi. Shi kuma marar lafiya yana da haƙƙin tambayar likitansa: sau nawa kake yin wannan aiki a shekara?