SANYI NE KO MAI? ABIN DA KE SA MOTAR GAS FIZGA DA KAYA A HUNTURU

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Duk ɗan Arewa da ke cin naman shanu a Ikko ko Badun ko Anaca, da wuya a ce bai taɓa cin na Potiskum ba. Garin yana cikin Jihar Yobe, wadda aka cire daga Jihar Borno a shekarar 1991, a inda hanyar Kano da ta Bauchi suka haɗu suka nufi Damaturu da Maiduguri. Kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma an san mutanensa da sana'ar manyan motoci. Ranar Laraba idan kasuwa ta ci, tireloli sukan yi layi ana loda musu shanu da wake da gero zuwa Kudu.

To, da yawa daga cikin masu waɗannan motoci, ko masu kayan da ke cikinsu, suna zaune ne a can Kudu, watau ku masu karatu. Kuma daga watan Disamba zuwa Fabrairu akwai saƙon da kuka saba samu daga direba: wai mota tana fizga, sanyi ya kama ta, famfo ya mutu, a aiko da kuɗi. Kafin mutum ya aika da guminsa, ya kamata ya san abin da ke faruwa a cikin injin nan.

YADDA CIWON YAKE

Ciwon yana da kama guda. Mota ta tashi lafiya da asuba, tana silo babu gargada, in babu kaya ma ta yi gudu. Amma da an yi lodi aka kama hanyar Kari da Darazo, direba ya taka totur, sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa, ta ja ta saki, ta ja ta saki. Abin ya fi tsanani a hawa, kamar hawan da ake yi daga Bauchi zuwa Jos, ko Hawan Kibo ga mai dawowa daga Kudu. Wani lokaci idan rana ta take sai abin ya lafa, direba ya ce ai ga shi nan, sanyi ne.

Injin gas ba shi da fulogi irin na motar fetur. Iska yake matsewa har wajen sau 16 zuwa 20, ta yi zafin da ya wuce digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai a ciki ya kama da kansa. Haka Bajamushen nan Rudolf Diesel ya tsara shi, injinsa ya yi aiki sosai a shekarar 1897. Saboda haka abu uku kawai yake bukata: mai mai tsabta, iska isasshiya, da zafi. A silo ɗan mai kaɗan ya ishe shi. Da kaya a hawa kuwa, yana neman ninkin wannan sau da yawa. Hanyar man da ta toshe rabi za ta ciyar da shi a silo, amma ba za ta ciyar da shi a Hawan Kibo ba. Dalili ke nan da ya sa bakanike zai tayar da mota a gareji ya ce lafiyarta ƙalau, alhali kuwa ba lafiya ba.

SANYINMU BA NA TURAI BA NE

Gaskiya ne sanyi yana daskarar da man gas. A cikinsa akwai wani abu mai kama da kakin zuma, wanda idan sanyi ya kai kusa da inda ruwa ke zama ƙanƙara yakan fito fili ya toshe filta. Shi ya sa a Jamus da Rasha da Kanada ake sayar da man gas na musamman a lokacin sanyi. Amma a Potiskum, ko a tsakiyar Janairu, awon sanyin asuba yakan tsaya ne wajen digiri 12, da rana kuma zafi ya kai 30. Wannan bai isa ya daskarar da mai na gari ba.

Ashe ke nan sanyi ba shi ne mai laifi ba, tona asiri kawai yake yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana nan tun damina, hunturu ne ya nuna ta. Ga inda ake nemanta, daga mai araha zuwa mai tsada.

NA FARKO, MAI DA RUWA

A sami kwalba mai haske, a kwance ɗan noti da ke ƙasan filta, ko na gindin tanki, a tsiyayo mai a ajiye ya kwanta. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka in akwai shi za a gan shi a ƙasa. Wani zai ce ina ruwa zai fito a iskar hunturu da ke fasa leɓe? Daga Kudu ya zo. Motar da ta baro Fatakwal ko Apapa tankinta cike yake da iska mai laima, idan ta kwana a sanyin Jos ko Potiskum da rabin tanki sai laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfe ta gangara cikin mai. Ga kuma ruwan da ake saye da kuɗi a duro da jarka.

Tun da litar gas ta haura Naira 1,000 a shekarar 2023, direbobi da yawa suka ƙara karkata ga 'yan bumburutu. A cikin abin da ake sayarwa a bakin hanya akwai man da ake dafawa a ɓoye a dazuzzukan Neja Delta, da wanda aka gauraya da baƙin mai. Irin wannan yana da kauri da datti, kuma shi kam sanyin asuba yana ƙara masa kauri har ya ƙi wuce filta. Araha ba ta ado.

NA BIYU, FILTA DA ƘURA

Idan filtar mai ta daɗe, a sake ta, kada a wanke a mayar. In an yanka tsohuwar aka ga baƙin kauci ko tsatsa, to tankin ma yana son wanki. A duba rariyar da ke bakin bututun da ke zuƙo mai a cikin tanki, domin sau da yawa ɗan guntun leda ko tsumma ne ke yawo a ciki, ya manne idan injin ya ja da ƙarfi, ya saki idan an ɗaga ƙafa. Sa'an nan tanki yana da ɗan ramin shan iska. Ƙurar hunturu tana toshe shi. Alamarsa ita ce idan mota ta fara fizga aka tsaya aka buɗe murfin tanki, za a ji iska ta shiga da ƙara, mota kuma ta warke na ɗan lokaci.

Haka nan filtar iska. Hazon da ke tasowa daga Sahara ta wajen ƙasar Chadi yana cika ta cikin 'yan kwanaki. Injin da aka shaƙe wa hanci ba ya ja.

NA UKU, ISKA A CIKIN MAI

Wannan shi ne ya fi wahalar da kanikawa, kuma shi ne ya fi dangantaka da sanyi. Tsohon tiyo da robar bakin filta sukan ƙanƙance su yi tauri a sanyi da bushewar iska. Tsakanin tanki da famfo zuƙo mai ake yi, ba tura shi ba, saboda haka ƙaramar kafa ba za ta ɗigar da mai a gani ba, iska za ta riƙa sha. Rana ta yi, roba ta saki, kafar ta rufe. Ga asirin motar da ke ciwo da safe ta warke da azahar.

Gwajin ba shi da tsada. A sa guntun tiyo mai haske kafin famfo, a tayar da injin a taka totur. In an ga kumfa yana wucewa, an kama ɓarawo. Akwai kuma gwajin jarka: a cika jarka da mai mai kyau, a ɗaure ta da kyau, a ja tiyo daga cikinta zuwa filta, a yi ɗan hawa da kaya. In fizgar ta ɓace, to famfo da nozul ba su da laifi, ciwon yana tsakanin tanki da filta.

HAYAƘI BA YA ƘARYA

A sa yaron mota ya dubi salansa daidai lokacin da ake fizgar. In ƙarfi ya ragu babu hayaƙi, mai ne bai isa ba. Baƙin hayaƙi yana nufin iska ta yi kaɗan, ko tiyon turbo ya tsage, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi yana nuna ruwa ko man da bai ƙone ba. Mai shuɗi-shuɗi kuwa baƙin mai ne injin ke sha. Idan kuma ƙarar injin ba ta canja ba amma jikin mota na girgiza, a bar zancen mai, a dubi kuloci da farfela.

Akwai wata al'ada ta cire tamostat wai don kada injin ya yi zafi. An yi injin ne ya yi aiki a zafin digiri 80 zuwa 90. Wanda aka cire wa tamostat, a tafiyar dare ta hunturu ba ya kaiwa nan, sai ya yi ta gargada yana shan mai a banza.

SAI A ƘARSHE FAMFO

Idan duk waɗannan sun fita, sa'an nan ne za a kwance nozul a kai wa masu injin gwaji, bayansa famfo. A nan ma akwai bambanci. Tsofaffin Marsandi 911 da DAF da MAN na dā famfonsu na ƙarfe ne zalla, bakanike yana iya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya ya gane wanda ba ya aiki. Sababbin injuna masu kwamfuta, irin da suka fara yaɗuwa daga wajen shekarar 1997, ƙarfin turin mansu ya ninka na dā sosai, feshinsa yana huda fatar mutum. Kada kowa ya sassauta bututunsu injin yana aiki. Na'ura ake jona musu ta faɗi inda ciwon yake. Kuma ba sa yafe ruwa ko datti ko kaɗan.

Abu biyu ne za mu yi kashedi a kansu. Kada a hura wuta a ƙarƙashin tanki wai don mai ya saki. Kada kuma a zuba fetur ko kananzir a gas, domin gas ɗin shi ne ke shafe cikin famfo, in an tsinka shi famfon ne zai cinye kansa, ga haɗarin gobara.

GA MAI MOTA DA KE KUDU

Saboda haka idan saƙo ya zo, kafin ka aika da kuɗi tambayi direbanka: A ina ka sha mai? An tsiyaye filta, me aka gani? Yaushe rabon da a sake ta? Wane irin hayaƙi take yi? An gwada da jarka? Direban kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Kai kuma ka sauke naka nauyin: ka ba shi kuɗin man gidan mai na gari, da filta biyu a ajiye a mota, ka ce ya cika tanki kafin ya kwana.

Tirelar wake in ta tsaya a daji asarar kwana ce. Ta shanu kuwa, dabbobi ne a cunkushe babu ruwa babu ciyawa, ga rayukan direba da yaransa da masu rakiya a gefen hanya cikin dare. Kuɗin filta bai kai kuɗin ƙafar sa ɗaya ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya, amin.