Binciken Masana a kan Addini: Ina Aka Baro Ƙauye?

Akwai wani fannin ilmi da ake kira ilmin zaman jama'a. Masu wannan ilmi ba fatawa suke bayarwa ba, wannan aikin malaman addini ne. Su abin da suke dubawa shi ne yadda addini yake tafiyar da zaman mutane, wato aurensu da kasuwancinsu da sarautarsu. In muka bi sawun binciken da suka yi a ƙasar Hausa, za mu ga ya bi hanya uku.

Da farko Turawa sun fi mai da hankali ga abin da ya ba su mamaki. Tremearne ya fitar da littafi a kan bori a 1914. Joseph Greenberg, mutumin Amurka, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, littafinsa ya fito a 1946.

Bayan samun mulkin kai a 1960 sai hankali ya koma ga tarihi da siyasa. Murray Last ya rubuta tarihin Daular Sakkwato a 1967, John Paden kuma a 1973 ya bayyana dangantakar Ƙadiriyya da Tijjaniyya da mulkin Kano.

Hanya ta uku ita ce bin ƙungiyoyi da tarzoma. An kafa Izala a Jos a 1978, rikicin Maitatsine ya auku a Kano a Disamba 1980, na Boko Haram ya ɓarke a 2009. Kowannensu ya jawo rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa.

To, ina giɓin yake? Yawancin aikin nan a birni aka yi shi, kuma inda aka ji hayaniya can ake rugawa. Amma addinin yawancin mutane shiru yake tafiya. A gari kamar Lakwaya, ko ƙauyukan Gwarzo da Kabo, akwai tambayoyin da ke jiran mai amsawa. Yaya manomi yake fid da zakkar dawa da gero bayan kaka, wa kuma yake samu? Wa ke ciyar da almajiran tsangaya? Yaya liman da dagaci suke sasanta rigimar gadon gona? Me matan aure suke karantawa a Islamiyya? Ko tarihin Nana Asma'u da 'yan tarunta bai bazu a tsakanin masana na waje ba sai da Jean Boyd ta fitar da littafinta a 1989.

Hatsarin wannan giɓi a fili yake. Wanda ya san mu ta takarda kaɗai zai zaci ba mu da labari sai na bori da faɗa. Ga shi kuma an rubuta yawancin littattafan da Turanci ko Faransanci, waɗanda aka yi maganarsu ba su karanta ba balle su gyara.

'Yan'uwana ɗalibai, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In an yi hutu, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je gaban tsofaffin garinsu, ya gaishe su da ladabi, ya tambayi wanda ya gina masallacin Juma'a da jerin limaman da aka yi. Ya rubuta sunan mai ba da labari da ranar da aka yi hirar. Tsoho in ya rasu, da abin da ya sani ake binne shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.